Tambayar Gwaggo Ladi: Sau Nawa Aka Dafa Miki Ruwa?

Shekara tara ke nan da aka fita da Gwaggo Ladi ta zauren gidanmu, mu mata muna tsakar gida muna sauraren takun maza har ya ɓace a ƙarshen lungu. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dama kunu in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in kama bakina ba. Bana na kasa yin shiru. Kewarta tana nan yadda take, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami tsoro ne. 'Yata Hauwa tana ɗakina da ciki wata takwas, cikin da ta shekara shida a gidan miji tana jira, kuma ana maganar ɗauke nas ɗaya tilo mai karɓar haihuwa daga ƙaramin asibitin unguwarmu. Abin da zai sa a ɗauke ta ko a bar ta alƙaluma ne, wato aikin da Gwaggo ta ƙarar da rayuwarta a kansa, ni ma na ci abinci da shi shekara talatin da biyar.

Gwaggo Ladi ƙanwar mahaifina ce. A ofishin ƙididdiga na gwamnati ta yi aiki, kuma mafi yawan shekarunta a can ta yi su ne tana horar da masu shiga gida-gida su tattaro bayanai. A gida Gwaggo ce, a ofis Malama. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kullum da fensir soke a gefen ɗankwali, bakinta kuwa ya fi fensirin tsini. Allah bai ba ta haihuwa ba, matan dangi kuma ba su bar ta ta huta ba, sukan ce ga mai ƙirga 'ya'yan mutane ta iso. Sai ta yi dariya ta ce ai dole, tunda masu su sun ƙi ƙirgawa. Ita ta jawo ni aikin bayan na gama sakandare. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ake ce mini Uwani, amma hakan bai taɓa sa ta raga mini ba.

Akwai labarin da duk wanda ya zauna a ajinta ya ji, wasu ma sau uku. Ta ce ranar da aka fara ba ta fom, tana budurwa, an ce kowa ya je gida ya gwada hannunsa. Ta sami kakarmu tana kaɗi a ƙofar ɗaki, ta gyara zama kamar babbar ma'aikaciya, ta ce, "Inna, 'ya'ya nawa kika haifa?" Kaka ta ce biyar, Allah ya raya, ta kuma jero sunayensu. Gwaggo ta rubuta, ta duba, sai ta ga babu mahaifina a ciki, alhali ga shi can a zaure yana ɗinkin hula, har tarinsa suna ji. Ta ce, "Inna, Yaya fa?" Kaka ta wurgo mata mafici ta ce, "Marar kunya! Ni za ki sa in kama sunan wannan a bakina?" Baba ɗan fari ne. Sai daga baya, ta bakin wata tsohuwa a gidan, Gwaggo ta ji ashe akwai wasu biyu da suka koma tun kafin suna. Biyar a takarda, takwas a gaskiya. In ta kawo nan sai ta dubi ajin ɗaya bayan ɗaya ta ce uwar da ta haife ta ta ɓoye mata uku, to ina ga matar da ba ta taɓa ganinta ba.

Ba ta taɓa kiran wannan ƙarya ba, kuma takan tsawata wa duk ɗalibin da ya kira shi jahilci. Kunya ce, da tsoron baki, da ciwon da mutum ya binne ba ya son a tono. Macen da ta girma a cikin birnin nan ta san ba a ƙirga 'ya'ya kamar awaki, ba a kama sunan ɗan fari, wanda ya koma kuwa an bar wa Allah. Gwaggo ta ce in ka zo da tambayar da ba ta dace da bakin mutane ba, laifin naka ne. Ta shekara da shekaru tana neman ƙofar da za a bi, har ta same ta a wurin da babu namijin ofis da zai leƙa, wato tukunyar wankan jego.

"Kada ku tambayi mace 'ya'yanta nawa," in ji ta. "Ku tambaye ta sau nawa aka dafa mata ruwa."

Duk wadda ta gwada ta san abin da ke biyowa. Macen da ta ɗaure fuska sai ka ga ta saki jiki. Za ta gaya miki wa ya yi mata wankan farko, hannun wa ya fi nauyi, wane ne ya faɗo da damina itace ya ƙi kamawa, wane ne ta sha kunun kanwa har ya gundure ta. Ba wadda take jin kunyar wannan hira, wasu ma alfahari suke yi da ita. Ruwan nan kuma ana dafa shi ko jariri ya zauna ko bai zauna ba. Daga nan sai a bi wankan ɗaya bayan ɗaya a hankali. A gida aka yi miki ko a ɗakinki? Da ya faɗo ya yi kuka? Ya kai suna? Har a gama ba a tilasta wa uwa ta ambaci sunan kowa ba, amma duk sun shiga takarda.

Horon Gwaggo mako uku ne, kuma makon farko ba a riƙe fensir. Za ta tasa mu gaba mu ratsa lungunan Zaitawa da Mandawari da Madabo, muna koyon abin da muke zaton mun iya tun muna yara. Yadda ake sallama a jira a amsa. Inda ake cire takalmi. Wa ake fara gaisarwa in an tarar da uwar miji a tsakar gida. In an kawo ruwa a sha, ko da kurɓa ɗaya ce, in an tarar ana tsinke zogale a sa hannu. Ta hana mu tsayuwa a kan mace muna mata tambaya, ta ce ɗan sanda ne yake haka.

Da yamma in mun kawo fom, kafin ta karanta sai ta kai shi hanci. Wallahi da idona na sha gani. In ta ji ba ƙaurin hayaƙi, ta juya shi ba tabon manja, ba sawun yatsan yaro, sai ta ɗago ta ce, "Wannan bai shiga gida ba. A gindin wace darbejiya kika haifi waɗannan 'ya'yan?" Ta san akwai masu samun inuwa su zauna su cika takarda da ka. Hukuncin ɗaya ne, ki koma. Har muka laƙaba mata Malama Koma, muna faɗa a bayan idonta, ashe ta sani kuma daɗi yake mata. Ni kaina ta taɓa mayar da ni gida ɗaya sau uku a rana guda, a cikin zafin bazara, don na rubuta tazarar shekara shida tsakanin yara biyu ban tambayi abin da ya faru a tsakani ba. Na koma ina ƙunƙuni. A zuwa na ukun matar ta gaya mini tagwaye ne a tsakanin.

Takan ce takardar da ba gaskiya ba ta fi rashin takarda haɗari, don wanda ba shi da takarda ya san bai sani ba, sai ya yi tambaya. A lokacin muna ɗaukar maganar a matsayin irin faɗan tsofaffi. Sai da abin ya biyo ta kaina na gane me take tsoro.

Aure bai fitar da ni daga unguwa ba, lungu biyu ne tsakanin ɗakina da gidan Baba. Da cikina na fari ya tsufa aka dawo da ni gida, kamar yadda aka saba. Naƙuda ta kama ni da hantsi, ana tsakiyar damina. Ungozoma ta yi iya yinta har azahar ta wuce, sannan ta fito ta ce wa mata wannan ba nata ba ne. Duk wanda ya san cikin badala, wato tsohon birni, ya san lungunanmu ba a yi su don mota ba. Kurar masu sayar da ruwa aka samo, aka sauke jarkoki, aka shimfiɗa tabarma aka ɗora ni, maza biyu suna turawa a cikin caɓi, ni kuma ina kallon indararo suna wucewa a kaina. Kafin a kai titi, kafin a sami mota, kafin a isa babban asibiti, yaron ya gaji. Namiji ne. Ya yi kuka kaɗan, babansa ya yi masa huɗuba, ya kwana biyu ya koma. Aka ce in yi haƙuri, mai ceto ne, aka rufe maganar.

Gwaggo ce ta ɗauki hutu ta yi mini wankan, kwana arba'in, macen da ba a taɓa dafa wa ruwa ba. Wata safiya tana tsoma ganyen darbejiya a tukunya tana fyaɗa mini, ni ina kuka ba na ruwan zafi ba, sai ta tsaya ta ce, "Uwani, wannan ma ɗa ne. Duk ranar da aka tambaye ki, ki faɗe shi. In ba a san sun tafi ba, ba wanda zai tambayi abin da ya tafi da su." Na ce to, Gwaggo. Bayan shekara biyu na haifi Hauwa, wasu uku suka biyo ta, kowa ya ɗauke ta a matsayin babba. Ban taɓa gaya mata akwai wani a gabanta ba, babanta ma bai faɗa ba.

Ba zan ce Gwaggo ce ta kawo mana asibiti ba, ita ma da tana nan ba za ta yarda in faɗa ba. Abin da na sani shi ne an yi wani binciken haihuwa a cikin birni, ita ta horar da masu shiga gidaje, ta kuma bi su lungu-lungu tana mayar da su. Takardar da ta fito ta nuna abin da kowace tsohuwa ta sani amma ba a taɓa rubutawa ba, cewa a unguwannin da ke nesa da titi ana rasa jarirai a makon farko. Ba a daɗe ba aka gyara wani tsohon gida a unguwarmu, aka sa gado biyu, aka turo nas. Daga ƙofata zuwa can, ko mai naƙuda ce za ta taka da ƙafarta. A nan na haifi ukun ƙarshe. An canza nas ɗin sau da yawa, mu dai kowacce Sista muke ce mata.

Watan jiya na raka Hauwa awo. Sista ta gama auna ta, ta ce ƙafafunta sun kumbura, jininta kuma yana ɗan hawa, a riƙa kawo ta duk mako. Da za mu fita ta ja ni gefe ta ce ana shirin mayar da ita wani wuri, a bar nan da mai ba da magani kawai. Wai bayanan da ke hannun manya sun nuna haihuwa ta ragu a wannan yanki, rasa jarirai kuma ya zama tarihi, alhali akwai wuraren da suka fi buƙata. Na ce rajistarki fa? Ta ce rajistarta waɗanda suka iso kaɗai take nunawa, su kuma abin da ke cikin gidaje suke son sani. Akwai binciken gida-gida da za a yi kwanan nan, sakamakonsa ake jira a yanke hukunci. Na kamo hannun Hauwa muka dawo gida. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ma gudu yake, ni kuwa ba tsumma na gani ba.

Sai na ba kaina haƙuri. Na ce ai binciken zai fito da gaskiya. A lungunmu kaɗai na san gidajen da aka dafa ruwa cikin shekarun nan ba a yi taron suna ba, mafi yawa waɗanda suka tsaya haihuwa a gida sai da abu ya ɓaci aka ruga wa Sista. Da ba ta kusa, da iyayen ma sun bi.

Ranar wata Alhamis bayan azahar aka yi sallama. Wata matashiya ce da kwamfutar hannu, ta ce sunanta Nafisa, tana cikin masu binciken. Yarinya mai ladabi, ba abin da zan ce ta yi na rashin tarbiyya. Na shimfiɗa mata darduma, ta ɗosana a gefe. Na kawo ruwa ta ce ta gode, sauran gidaje da yawa a gabanta kafin magariba. Hauwa tana kwance a tabarma kusa da mu, ta ɗora ƙafafunta a kan matashi. Nafisa ta yi tambayoyin rufin ɗaki da rijiya da makewayi, idonta a kan gilashi, sannan ta karanto, "Hajiya, 'ya'ya nawa kika haifa?"

Na ce, "Huɗu, Allah ya raya."

"Duk suna raye?"

"Suna raye."

Ta danna, ta yi godiya, ta tashi ta fita. Na koma kan tsintar shinkafata. Na kai minti biyar ina tsinta kafin hannuna ya tsaya a cikin faranti. Ni, Uwani, wadda na gaji kujerar Gwaggo, na shekara goma sha ina ba ɗalibai labarin Kaka da maficinta suna dariya, ga shi na ba da amsar Kaka kalma da kalma, har da Allah ya raya. Ban shirya ba, ban yi niyya ba. Bakina ne ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara talatin da ɗoriya. Kuma ga mai tsohon ciki kwance a gefena, wa yake ambaton jaririn da ya koma a gaban mai ciki? An ce wanzami ba ya son jarfa, ranar na san da ni ake.

Abin da ya biyo baya shi ne tsoron da har yau bai sake ni ba. In ni da na san amfanin amsar na yi haka, me maƙwabciyata za ta ce, wadda ta binne biyu a jere ba ta ko son a tuna mata? Me amaryar gidan gaba za ta ce, uwar mijinta na zaune tana ji? Kowace mace a lungun nan za ta amsa cikin mutunci da kunya, yarinyar nan za ta danna cikin ladabi, kowa ya yi daidai a ganinsa, a haɗa duka a kai wa manya, su kuma su duba su ce alhamdu lillahi, unguwar nan ta warke. Da bakinmu za mu kori Sista ba mu sani ba.

Ban san lokacin da na zura hijabi a bai-bai na fita ba, takalmi wari da wari. Na tarar da Nafisa tana shirin shiga gidan maƙwabciyata. Na ce 'yata, tsaya, na ba ki amsar da ba daidai ba, biyar ne, na farkon ya kwana biyu ya rasu. Kafin ranar ban taɓa faɗin wannan magana da bakina a gaban kowa ba, sai ga shi na faɗe ta a tsakiyar lungu, mai tallan gyaɗa tana wucewa. Nafisa ta duba na'urar, fuskarta ta canza. Ta ce, "Hajiya, ya riga ya tafi. In na rufe gida ba na iya buɗewa, sai shugaban tawagarmu."

Na tambaye ta kwana nawa aka yi ana horar da su. Ta ce biyu, a wani ɗakin taro, kuma kusan duk a kan yadda ake sarrafa na'urar ne da yadda ake cajinta. Na ce an fita da ku unguwa kun gwada? Ta ce a'a, junansu suka yi wa tambayoyi. Na ce tun da kika fara, mata nawa suka ce miki sun rasa jariri? Ta ce ɗaya, ita ma wata tsohuwa ce a gidan ta tsoma baki. Kwananta shida tana aiki. Sai na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce, "To Hajiya, yaya ake tambaya?"

Muka zauna a dakalin wani gida, na ba ta abin da zai yiwu a cikin rubu'in awa daga abin da Gwaggo take bayarwa a mako uku. Ki zauna sosai. Ki sha ruwan. Ki kife na'urar a cinyarki tukuna. Ta rubuta tambayar a tafin hannunta da biro. Da ta shiga gidan da ke jikin namu, ina tsakar gidana na ji muryarta ta katanga, tana cewa, "Mama, sau nawa aka dafa miki ruwa?" Sai na ji maƙwabciyata ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya koya miki wannan?" Sun fi rabin awa suna magana.

Da na dawo daga lungu Hauwa tana zaune, ta jingina da bango. Ashe ta biyo ni har zaure ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Umma, na daɗe ina mamaki. Duk ƙawayena 'yan fari iyayensu ba sa kiran sunansu, ke kuwa Hauwa kike ce mini gatsal." Can kuma ta ɗora hannu a cikinta ta ce, "Me ya same shi?" Na gaya mata. Da kurar ruwan, da caɓin, duka. Na ga tsoron da nake ɓoye mata ya koma fuskarta, kuma har yanzu ban san ko daidai na yi ba.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga wannan zamani. Na tabbata na'urar za ta burge ta. Ta sha wahalar rubutun da ba ya karantuwa da lissafin da ya karkace da fom ɗin da ruwan sama ya jiƙa, kuma an ce wannan aba tana nuna ko ma'aikaci ya taka gidan da gaske, don haka 'yan gindin darbejiya sun shiga uku. Za ta juya ta, ta kai ta hanci don tsokana, sannan ta ce to, ta nuna kin shiga, ta nuna kin zauna? Abin da zai tayar mata da hankali horon kwana biyun nan ne. Yaran yanzu sun fi mu karatu nesa ba kusa ba, Nafisa digiri gare ta, ni da takardar sakandare na fara. Amma ba a cikin birni ta tashi ba, ba ta taɓa ganin tukunyar jego a kan murhu ba, ba wanda ya gaya mata akwai abin da uwa ba ta faɗa. Sauri ya haifi nawa. An rage kwanakin horo don a gama da wuri, sai a zo a shekara biyar ana aiki da amsar da ba ita ba.

Laifin har da namu, mu da muka gaje ta. Gwaggo ba ta rubuta hanyarta a littafi ba, a ka take, mu ma muka riƙe ta a ka. Da na yi ritaya na kwashe kofina da sallayata na taho gida, ban bar wa kowa ko shafi ɗaya ba. Na ɗauka abu ne da kowa ya sani. Ga masu shirya irin wannan aiki, in wannan rubutu ya kai gare ku, roƙona kaɗan ne. Ku ƙara kwanakin. Ku fita da yaran nan lungu kafin ku ba su na'ura. Ku nemo tsofaffin ma'aikata mata da suka rage, muna nan, ba mu da aikin yi sai jikoki, za mu zo ko ba a ba mu ko sisi ba.

Washegari na sami shugaban tawagarsu, mutumin kirki, ya saurare ni har ƙarshe. Ya buɗe bayanan gidana, huɗu ta koma biyar. Ya ce zai gaya wa sauran yaransa su canza salon tambaya a gidajen da suka rage. Amma komawa gidajen da aka riga aka gama ba a hannunsa yake ba, sai an ba da izini daga sama. Na rubuta takarda na kai tsohon ofishinmu da kaina, aka karɓa da girmamawa, aka ce za a duba. Yau kwana goma sha ɗaya. Kullum da safe sai na leƙa asibitin kamar mai neman maganin ciwon kai, don kawai in ga takalmin Sista a ƙofa. Jiya kuma na yi abin da na yi rantsuwa ba zan sake gani ba a rayuwata. Na tsayar da mai kurar da ke kawo mana ruwa, na karɓi lambar wayarsa, na ce in na kira shi ya sauke jarkokin ya taho da gudu.

Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, ko hotonta babu a bangon ofishin da ta yi wa bauta. Da aka raba kayanta, abin da ya zo hannuna tsohuwar tukunyar ƙarfen nan ce da ta dafa mini ruwa a ciki. Amma akwai yaran da ba su kai suna ba, waɗanda ba don ita ba da babu inda aka rubuta sun taɓa zuwa duniya, akwai kuma waɗanda suke yawo a lungunan nan da ƙafafunsu saboda an rubuta na gabansu. Tambayarta ma ba ta mutu ba, na ji ta ta katanga a bakin yarinyar da ba ta taɓa jin sunanta ba. Alkawarin da na yi mata a bayan ɗaki kuwa sai da na shekara talatin da ɗoriya na cika shi, shi ma da kyar, a guje, da takalmi wari da wari. Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sa kin huta, ya yafe mini jinkirin.

Na fito da tukunyar na wanke ta, na sayi itace na jibge a inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Sauran Hauwa 'yan makonni. Ko Sista tana nan ko an ɗauke ta, za a hura wuta a dafa ruwan nan, don Gwaggo ta koya mini ana dafa shi ko yaya aka ƙare, shi ya sa ba ya ƙarya. Duk wanda ya karanta wannan, in ya yi wa Gwaggo Ladi addu'a, ya ƙara mana da guda ɗaya. Ranar da zan sauke tukunyar nan daga murhu, Allah ya sa ina jin kukan jariri daga ɗaki.